Yadda Modu Bakanike Ya Hau Mambila

Duk mai babban babur a birnin Kano ya san rumfar Modu da ke Shahuci. Rumfar kwano ce jingine da katangar wani tsohon gida, ƙasanta ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai na shekara da shekaru. A nan Modu yake tsugunne tun hantsi har bayan la'asar, sifana a hannu, kunne a jikin inji. Gajere ne kakkaura, ya ba hamsin baya, furfura ta cinye masa gemu. Kakanninsa Barebari ne da suka zo fatauci suka zauna a Madabo tun zamanin da ake rufe ƙofofin gari da magariba, kuma Barbarcin bai bar masa komai ba sai suna da 'yar gaisuwa.

Kafin ya kama gyara, acaɓa ya yi, shekara goma sha bakwai cur. Ya ɗauki malamai da 'yan kasuwa, ya ɗauki buhunan gero, ya ɗauki firji, ya taɓa ɗaukar raguna biyu har da mai su ranar jajiberin Babbar Sallah. Babu lungun da bai kutsa ba, babu katakon da aka ɗora kan kwata da bai bi ta kansa ba. Da aka hana goyo a babur a Kano, abokan sana'arsa suka koma adaidaita sahu. Shi kuwa ya ce ƙafa uku ba ta yi masa ba, ya kafa rumfa.

Manyan masu kawo masa aiki 'yan wata ƙungiya ce da ake kira Mahayan Badala. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata, har da likita ɗaya, kowa da baburinsa kamar bijimi, in suka tayar gaba ɗaya sai tantabarun unguwa su watse. Sau biyu a shekara suke fita doguwar tafiya sanye da baƙaƙen riguna na fata masu tambarin ƙungiya a baya. Modu ne yake shirya musu baburan, in sun dawo su nuna masa hotuna a waya, shi kuma ya kai labarin gida.

Wata ranar Juma'a da rana yana cin dambu, yana ba matarsa 'Yardada labarin wani dutse da ruwa ke zubowa daga kansa, har yana kwatanta sanyin wurin da hannu. Ta ajiye faifan da take riƙe da shi ta dube shi.

“Malam, wai ka taɓa zuwa ne?”

“A'a, su Alhaji Nazeer ne suka je.”

“To kai ina ka taɓa zuwa?”

Ya shiga lissafi. Ya je Wudil ɗaurin aure. Ya je Zariya sau ɗaya, a mota, yana barci.

“Ikon Allah,” in ji 'Yardada tana dariya. “Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur, ya fi kowa tafiya a garin nan, amma bai je ko'ina ba.”

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya masa a rai. Dambun nan bai ƙarasa shi ba.

Ƙarshen damina 'yan ƙungiya suka jero baburansu tara a gaban rumfa, za su Gembu, can saman tsaunin Mambila. Alhaji Nazeer, shugabansu, mai sayar da yadi a Kwari, mutum ne mai fara'a da girmama na gaba. Modu ya jira har ya gama ɗaure masa kaca, ya goge hannu, sannan ya ce, “Alhaji, bana da ni za a je.”

“Alhamdu lillahi! Ai mun daɗe muna so, Baba Modu. Ga motar da ke bin mu da kaya, gidan gaba naka ne.”

“Ba a mota ba. A kan nawa.”

Ya nuna shi da haɓa. Ɗan jan babur ne mai ƙaramin inji, si-si ɗari da hamsin, irin wanda ake kai yara makaranta da shi, kujerarsa ta sha faci.

Lawal ne ya fara fashewa da dariya. Shi ne ƙarami a cikinsu, kuma nasa baburin ya fi na kowa tsada da ƙara. “Haba Baba! Wannan ai ko Mariri ka kai sai ya nemi ruwan sha. Tafiyar mahaya ce fa, ba lodin Kurmi zuwa Sabon Gari ba.”

Alhaji Nazeer ya harare shi, sannan ya sassauta murya. “Baba, ba raini ba ne. Dokar ƙungiya ce, babur ɗin da bai kai si-si ɗari biyar ba ba ya shiga jerinmu. Gudunmu ba ɗaya ba, kuma ba ma barin mutum a hanya.”

“To kar ku jira ni,” in ji Modu. “Hanyar ai ta gwamnati ce.”

Kwana goma ya yi yana shirya ɗan jan baburinsa. Ya sauke injin ya wanke shi kamar jariri, ya sa sabuwar kaca da sababbin tayoyi, ya sa maƙeri ya ƙera masa kariyar ɗaura kaya a baya. Ya sayi hular kwano ta gaske da rigar ruwa. Hanyar kuwa wani direban tirela ya zayyana masa a bayan kwalin fulogi: Darazo, Gwambe, Numan, Jalingo, Bali, Serti. Labari ya zaga Madabo. A majalisar ƙofar masallaci wasu suka ce tsufa ne ya zo masa da gardama, liman ya ce a bar shi, tafiya mabuɗin ilimi ce. 'Yardada ta yi kwana biyu tana ganin bakinta ne ya jawo. A rana ta uku ta soya masa nama ta busar, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta ɗinke masa tsohon bargo ya zama 'yar shara ta sawa a ciki.

“In ka ga ba dama ka juyo, Malam. Ba wanda zai yi maka dariya.”

“Ke za ki fara.”

“Ni dai zan yi, amma a cikin ɗaki.”

Ya riga 'yan ƙungiya fita da kwana ɗaya. Ana idar da sallar asuba ya tura babur ya fito daga lungu, ya bi ta Ƙofar Nasarawa ya ɗauki titin Maiduguri. Har ya wuce gadar Wudil yana jin kansa sarki. Daga nan abin ya fara canjawa. Mutumin da ya saba kowane taku goma a ɗaga masa hannu, sai ga shi shi kaɗai tsakanin gonakin gero da dawa, ba mai kiran sunansa. Tireloli suna wuce shi iskarsu tana neman jefa shi daji. Kafin Darazo bayansa ya ƙage, yatsunsa sun yi tsami. Ya sauka gindin wata tsamiya ya zauna, ya dubi hanyar da ya fito ya dubi wadda ke gabansa, zuciyarsa tana ce masa in ya juya yanzu zai yi la'asar a Madabo. Ya ci nama yanka biyu, ya sha ruwa, ya ce, “Kai Modu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Ya hau ya ci gaba.

Ya kwana a Gwambe wurin wasu makanikai da suka ga lambar Kano suka ja shi da hira. Washegari a gadar Numan ya ga Binuwai cike maƙil, ya tsaya ya riƙe ƙarfen gada yana kallo har wani ɗan sanda ya zo ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, bai taɓa sanin Allah ya tara ruwa haka a wuri ɗaya ba. A rana ta uku, bayan Jalingo, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, tayar baya ta yi faci, ya kuma sha ƙasa a wani rami da ruwa ya rufe, gwiwarsa ta ɗaye. Yana zaune bakin hanya kusa da Bali yana ɗaure ta da tsumma sai ya ji rugugi daga baya. Mahayan Badala ne, fitilu a kunne, a jere kamar carbi. Alhaji Nazeer ya taka birki, sauran suka tsaya.

“Baba Modu! Wallahi na ɗauka kana Kano. Sa babur ɗin a mota, ka huta.”

“Na gode, Alhaji. Ku je, ina tafe.”

Likitan cikinsu ya wanke masa ciwon ya sa magani. Lawal kuwa sai kallon ɗan jan babur yake yi, wanda taɓo ya rufe har ba a gane launinsa. Suka ja suka ɓace cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa sai gab da magariba ya shiga Serti.

Da safe ya wuce Mayo Selbe ya fara hawan tsaunin. Hanya ce mai murɗewa kamar igiyar guga, dutse a hagu, kwazazzabo a dama. Babur yana nishi a giya ta biyu, Modu yana lallashinsa da baki. Da hantsi ya sha wata kwana sai ya tarar da motoci a tsaye, mutane cirko-cirko, ga baburan nan tara an jingine su a gefe.

Ruwan jiya ne ya zabtaro ƙasa daga jikin dutse ta binne hanya, wata babbar mota kuma ta kafe a ciki. Abin da ya rage wata 'yar siririyar gaɓa ce da ba ta fi faɗin tabarma ba, jan taɓo mai santsi kamar kuɓewa, tsawon taku arba'in. A tsakiya ruwa ya yanke ta, mutanen ƙauye sun ɗora katako biyu. Ƙasa kuwa in ka leƙa sai kan bishiyoyi kake hangowa. Lawal ya riga ya gwada, babur ya kwanta da shi tun a farkon gaɓar, sai da mutum biyar suka janyo shi. Yana zaune kan dutse, fuskarsa ta yi fari fat. Sauran suna shawarar juyawa, don an ce motar gyaran hanya sai jibi.

Modu ya kafe baburinsa, ya karɓi sanda a hannun wani Bafulatani, ya bi gaɓar da ƙafa yana caccaka taɓon har ya kai ƙarshe. Ya yi tsalle a kan katakon sau biyu. Ya dawo ya rage iskar tayoyinsa, ya yi bisimilla, ya hau. Bai taɓa birkin gaba ba, bai ƙara wuta ba, bai rage ba. Babur ya bi gaɓar nan a hankali yana 'yar rawa da gindi, ya hau katako, ya sauka, ya fita. Mutanen da ke tsallaken suka ɗauki tafi.

Ya dawo da ƙafa. Alhaji Nazeer ya tare shi, ya cire mukulli ya miƙa masa da hannu biyu.

“Baba, nawa ya ninka naka biyu a nauyi. Za ka iya?”

Waɗannan baburan Modu ya san cikinsu fiye da masu su, amma iyakar hawansa a kansu daga Shahuci zuwa Ƙofar Mata ne in ya gama gyara. Ƙafarsa ma da ƙyar take taɓa ƙasa a kai. Ya dubi gaɓar, ya tuna wani lungu a Kabara da yake bi da damina ɗauke da buhu uku, kwata a hagu, kududdufi a dama.

“A sauke akwatunan,” ya ce. “A rage iska.”

Ya hau, ya kafa idonsa kan wata bishiya da ke tsallake, ya saki kuloci kaɗan-kaɗan. A kan katako tayar baya ta zame, babur ya karkata wajen rami, wata mata ta kurma ihu. Modu ya jefa nauyinsa hagu, ya ɗan murɗa totur kamar mai tsoron tashin jariri, tayar ta kama, ya fice. Da ya sauka ya juyo yana murmushi ya ce, “Na gaba!”

Biyar ya haye da su da kansa. Uku masu su suka yi ƙarfin hali bayan sun ga yadda ake yi, yana gaba yana ba su umarni. Saura na Lawal. Lawal ya taso ya miƙo mukulli, kansa a ƙasa.

“Baba, ka yafe mini maganar da na yi.”

“Wace magana? Riƙe mukullinka. Kai za ka haye da shi.”

“Wallahi ba zan iya ba. Na leƙa ramin nan.”

“Shi ne kuskurenka. In na haye maka yau, wa zai haye maka ran dawowa? Hau. Zan tafi da baya a gabanka. Kar ka kalli rami, kar ka kalli taya, gemuna za ka kalla.”

Haka aka yi. Modu yana ja da baya cikin taɓo har idon sawu, yana daka masa tsawa. “Sakar masa birki! Kar ka matse shi, ba gudu zai yi ba! Gemu, Lawal, gemu!” Lawal yana zufa cikin sanyin nan, leɓɓansa suna motsi da addu'a, har ya hau katako ya sauka. Da ya isa tsallake ya kashe babur, ya rungume Modu ya ɗaga shi sama cak, 'yan ƙungiya suna ihu, direbobi suna danna ham.

Daga nan ba wanda ya wuce shi. Suka ƙarasa hawan tare, da suka sha kwanar ƙarshe sai duniya ta buɗe. Tuddai ne kore shar iyakar ganin ido, shanu farare da jajaye a warwatse, iska mai sanyi kamar ruwan randa. Modu ya tsaya ya waiga, ya ga gajimare a ƙasa da shi, kwance cikin kwarin da ya fito. Ya cire hular kwano, ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya yi nafila raka'a biyu a kan ciyawa. Sannan ya kira gida.

“'Yardada, kin san gajimare? Yana ƙarƙashina.”

“Malam, me suka ba ka ka sha?”

Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, bai kuma damu da wa ke kallo ba.

A Gembu, suna shan shayi da yamma, aka tayar da zancen dokar ƙungiya. Wani ya ce rubutacciya ce, in aka karya ta gobe kowane mai kai yara makaranta zai ce shi mahayi ne. Likita ya ce to ai yau an ga wanda ya kai yaran makaranta. Aka tambayi Modu ra'ayinsa, ya ce shi bai san doka ba, abin da ya sani shi ne a Darazo ya so ya juya, a Bali ma haka, kuma yana jin kowa a nan yana da tasa Darazon. Ana cikin musun Lawal ya tuɓe rigarsa ta fata ya yafa masa. Hannuwan sun yi masa tsawo, cikin ya ƙi zugewa, amma ya sa ta a kan 'yar shararsa ta bargo ya zauna daram. Dokar kuwa har yau ba a gama gardamarta ba.

Ran dawowa, daga Wudil Alhaji Nazeer ya ɗaga hannu aka tsaya, ya ce Baba Modu ne a gaba. Haka suka shigo Kano bayan la'asar, ɗan jan babur yana jan manya tara, kowa ya daidaita gudunsa da nasa. Suka shiga ta Ƙofar Nasarawa. A Shahuci masu faci da masu walda suka watsar da aiki suka fito titi, wani yana buga bokiti, ana ta kiran “Modu na Mambila!” Da suka iso Madabo lungun gidansa ya ƙi manyan baburan, dole masu su suka kafe su a bakin titi suka bi shi da ƙafa, hular kwano a hammata, shi yana tafe a kan nasa a hankali yana amsa gaisuwa hagu da dama. Liman ya fito ya yi addu'a. Daga cikin gida maƙwabta suka rangaɗa guɗa. 'Yardada ta leƙo daga zaure, ta dubi rigar fata, ta dubi gwiwar da aka naɗe, ta karɓi ƙullin ganyen shayi da ayabar da ya ɗauro mata.

“Sannu da zuwa, Malam. Ka rame.”

“Na rame. Akwai ruwan zafi?”

“Tun azahar yake kan wuta.”

Washegari ya buɗe rumfa kamar kullum, yana ɗingishi. Bai gama jera sifanu ba sai ga adaidaita sahu ta tsaya. Sabo ne, wanda suka yi acaɓa tare a tashar Kurmi shekaru da yawa. Ya zauna kan benci ya yi ta kame-kame, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya matso.

“Modu, tsakaninka da Allah, da gaske ne gajimaren?”

“Da idona.”

Sabo ya sosa ƙeya. “Nawa babur ɗin yana nan a soro, an lulluɓe shi da buhu. Ya fi shekara goma ba a tayar ba. Ni Argungu nake son gani.”

“Turo shi gobe in ji kukansa,” in ji Modu, ya jawo kwanon fetur ya fara wanke fulogi.